Mai Wankin Maciji

A Runjin Sambo, bayan 'yan katako,
akwai wata rumfar kwano mai tsatsa.
Nan na koyi yankan ƙarfe
a hannun Arzika, mai ji da kunne ɗaya.

Ranar farko bai ba ni wuta ba.
Gwangwanin madara ya miƙo min, ruwa da garin sabulu.
Ya ce, "Shahwa ma tiyo, ɗiyana, gaɓa bayan gaɓa.
Inda kumfa ta kumbura,
nan mutuwa ka numfashi."
Wata uku ina shafa kumfa,
har tsarana suka raɗa min Mai Wankin Maciji.

Tukwane biyu na tsaye a inuwa,
ɗaure da sarƙa kamar bijiman kasuwar Kara.
Ba a kwantar da su, ba a shurinsu,
ba a barin ranar Sakkwato ta dafa su.
Jan tiyo na gas ne, shuɗi na oksijin,
ba su musayar gida.
Na taɓa cin ƙosai na nufi makunni,
ya doke min hannu kafin in kai:
"Maiƙo da iskag ga ba su gaisawa."

Na zo da rigar ƙwallo, sabuwa fil.
Ya ce leda ce, in ta narke da fata take tafiya.
Ya ba ni tsohuwar taguwa ta auduga,
walki daga majema, safar hannu mai tauri,
da baƙin tabarau mai igiya.
Tartsatsi bai kai ƙwayar gero ba,
amma ya isa ya rufe ido har abada.
Ashana kuma ba ta shiga rumfar nan,
da ƙyastu ake tayar da wuta, baki na kallon ƙasa.

Labarin kunnen sai da na shekara na ji shi.
Ganga ce aka kawo daga Illela,
a raba ta biyu a yi wa tumaki komi.
Mai ita ya rantse rabonta da fetur tun bara.
Arzika na yaro, jini na tafasa,
ya ɗora wuta.
Murfin ya tsallake darbejiya.
Wansa Labbo na tsugune gefe yana ɗaure takalmi,
bai ƙarasa ɗaurin ba.
Ya ce min, idonsa na kan ƙasa,
"Gangad da anka ce babu komi ciki,
ita ta fi kowace cika."

Yanzu tsufa ya zaunar da shi a Gidan Igwai,
rumfa ta dawo hannuna.
Jiya wani ya zo da tankin keke mai ƙafa uku,
gumi na zuba, fasinja na jira,
ya ce in liƙe yanzu, zai ninka kuɗi.
Na kai hanci bakin tankin.
Na ce a wanke, a sake wankewa, a cika da ruwa,
ka dawo gobe.
Ya ja tsaki ya tafi da abinsa.
Yarona Sahabi ya bi kuɗin da kallo har kwana.
Ban ce masa komai ba,
na miƙa masa gwangwanin sabulu.

In an kira magariba nakan rufe tukwane,
in huce ragowar iskar da ke cikin tiyo,
in naɗe su nesa da guntayen ƙarfe masu zafi.
Sai in zagaya da bokitin yashi,
ina leƙa ƙarƙashin benci, ina leƙa wajen 'yan katako,
don garwashi ya iya kwanan zaune.
A bakin ƙofa nakan tsaya in shaƙa.
In na ji warin tafarnuwa
inda babu mai miya,
ba na kulle rumfa, ba na kunna fitila.

Yau iska kawai na ji,
da ƙanshin tsiren maƙwabci.
Na ƙirga yatsuna, goma.
Na ƙirga na Sahabi.
Muka tafi masallaci.