Mun Tsaya a Waza

Shekara talatin da ɗaya ina bisa kwalta,
Garwa zuwa Kusuri, Kusuri zuwa Garwa,
har idon hagu ya yi hazo, aka karɓe makulli.
Zaman gida ya fi mini gargada wuya.
Wata Talata na wanke riga, na nufi asibiti,
na ce da Madam Maiwe ta ɗakin yara:
ba ni da takarda, amma ina jin yare huɗu,
ga hannu biyu da ba su da aiki.

Ta dube ni sama da ƙasa,
ta miƙo mini bokiti.

Haka na fara. Ɗebo ruwa, ɗaura gidan sauro,
riƙe ƙafar da ke harbi lokacin neman jijiya.
Likita ya yi Faransanci, uwa ta juyo gare ni,
in mayar da shi Fulatanci, in rage masa kaifi,
kamar mai sauke kiret ɗin ƙwai daga bayan mota.
Wata kalmar ba ta saukuwa.
Sai in riƙe ta a baki, in dubi ƙasa,
uwar ta gane tun ban faɗa ba.

Ba a biyana. Matata ta ce
ko kuɗin babur ba na dawowa da shi.
Na ce to.

Gado na bakwai, kusa da taga:
Hamajam, shekara tara, sikila.
Ido rawaya, gwiwa ta fi cinya kauri.
In ciwon ya taso ba ya kuka,
bakin zanen kakarsa yake cizo
har zare ya fito.

Na haɗa masa tirela da gwangwanin kifi,
tayoyi daga tsohon silifa.
Ya juya ta, ya juya, ya ce: ba madubi.
Na sa madubi.

Daga ranar gadon ya zama mota.
Shi direba, ni yaron mota,
sandar ƙarin ruwa ta zama eriya.
Talata muka wuce Pitowa.
Alhamis muka sha shayi a Figil,
farin siminti a girarmu.
A Marwa jininsa ya sauka,
kwana uku muna jiran leda ɗaya.
Na ce masa taya ce ta yi faci.
Ya ce: Baba, na san ba taya ba ce.
Ban ƙara yi masa ƙarya ba.

Mora. Sai Waza.
Ya ce a tsaya ya ga raƙumin dawa,
barci ya sace shi kafin in gama kwatanta wuyan.

Talatar da ta biyo, katifa tsirara,
an goge robar, tana warin magani.
Ban tambaya ba.
Ƙofa biyu ake barin gadon nan,
na raka mutane ta kowacce.
Na ɗebo bokiti shida ba wanda ya aike ni,
na share barandar da aka riga aka share.

Madam Maiwe ta same ni bakin famfo.
Ta ce: sallama ce, tsoho, zauna kafin ka faɗi.
Kawunsa ya zo da babur jiya da la'asar.
Ya bar saƙo, a ajiye motar a Waza,
kada ka ƙarasa Kusuri ba shi.

Tana nan saman kabad, bayan kwalin auduga.
Yarinyar da ke gadon yanzu, Dudu,
ba ruwanta da mota, awaki take so.
Ina koyon yanka su daga kwali,
har yanzu da kare suke kama.

Na san halin sikila,
ba ta saki, hutu take bayarwa.
Damina na tafe, sanyi zai nemi ƙashinsa.
Duk da haka, bayan sallar asuba,
ni da ban taɓa barin kaya a hanya ba,
sai in ɗaga hannu in ce:
Allah, ka bar mu a Waza.