Kujera Ta Goma Sha Bakwai

Ni na jera kujerun, arba'in cif,
a kantin littattafan da ke bisa tudu a Valparaíso,
inda matakala ke cinye gwiwar tsofaffi
kafin su iso ƙofa.
Ruwa ya tsuge tun la'asar.
Mu goma sha tara ne, har da kare,
shi kuwa ya kwanta ƙarƙashin teburin baƙi.

Marubuta biyu, makirufo ɗaya.
Nibaldo Arancibia ya fara,
tabarau a ƙarshen hanci.
Shekara takwas yana tonon tsofaffin takardu
kan jirgin masunta da teku ta haɗiye.
Ya ce, "Ban sa ko wasali ba sai da shaida.
Mutum goma sha ɗaya ne a ciki.
Ga sunaye, ga hatimi, ga sa hannun kyaftin."
Ya buga littafin a tebur,
karen ya ɗaga kunne, ya mayar.

Ximena Toloza ta yi dariyar ciki.
Nata ƙagagge ne, siriri, ba ya cika aljihu,
jirgin nan dai, daren nan dai.
"Ni ƙarya nake saƙawa," in ji ta,
"amma da zaren da na tsinta a kasuwar kifi.
Na ƙara mutum na goma sha biyu:
yaron girki, bahago,
mai yin fito idan tsoro ya kama shi,
mai rataya cokali a wuya
kada igiyar ruwa ta ƙwace."

"Ba ya cikin rajista," in ji Nibaldo.
"Shi ya sa na rubuta shi."

Suka ja, suka ja,
kamar masunta biyu a kan koma ɗaya.
Mai gabatarwa na satar kallon agogo,
ni ina lissafin kofunan da zan wanke.

Sai kujera ta goma sha bakwai ta yi ƙara.
Wata tsohuwa, jiƙaƙƙiyar laima a hannu,
ba ta nemi izini ba, miƙewa kawai ta yi.
"Ba cokali ba ne, ludayi ne.
Kuma sunansa Eleuterio,
ba wanda kika laƙaba masa ba.
Ƙanena ne. Shekararsa goma sha huɗu,
an ce bai isa hawa jirgi ba,
sai suka ɗauke shi, suka hana wa alƙalami.
Fiton kuwa haka yake.
Wa ya gaya miki?"

Ximena ta buɗe baki, iska ce ta fito.
Ba wanda ya gaya mata.
Ko kuwa ta ji tana goye,
a bakin wata mai kankare ɓawon kifi,
maganar ta faɗa ƙasa, ta yi saiwa
ba da sanin mai gona ba.

Nibaldo ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
Ya laluba fensir,
ya buɗe nasa, shafi na casa'in da uku,
ƙarƙashin suna na goma sha ɗaya,
inda farin takarda ya yi saura.
"Iya, harafi harafi, don Allah."
Ta faɗa, yana bi,
hannunsa na rawa kamar ɗan aji ɗaya.

Da aka tashi ta matso tebur.
Kuɗin fansho bai fito ba,
littafi ɗaya kaɗai jakarta za ta iya.
Ta dubi wannan, ta dubi wancan.
"A wanne yake da rai?"
Nibaldo ne ya tura mata na Ximena.

Mai kanti ya ƙirga ciniki: huɗu.
Ya ce dare ya lalace.
Na naɗe kujeru talatin da tara,
na tsaya kan ɗayar.
Ruwan laimarta ya taru a ƙarƙashi,
ɗan tafki, faɗin tafin hannu.
Na ɗauko tsumma,
sai na ji wani yana fito a kan matakala.
Mai shara ne, na san shi.
Duk da haka sai da na leƙa.