Rubu'in Ƙwaya

A Aiquile, bayan kasuwar Lahadi ta watse,
Eulogia ta ɗora ƙwaya a faranti,
ƙwayar da aka auna don ƙato mai gemu,
Nayra kuwa kilo tara ce, har da zanen goyo.

Reza ta sauka. Rabi. Rabin rabi.
Ɓarɓashi ya yi tsalle,
ta tare shi da farce, ta dawo da shi:
wannan ƙurar ma cikin lissafi take.

Jiya da ruwa aka ba ta, ta feso wa uwarta a wuya.
Shekaranjiya ta datse haƙoranta huɗu
kamar an sa wa ƙofa sakata.
Yaro bai san "za ka warke" ba,
harshensa ne alƙalinsa.

Yau kunun jar masara ne, da ɗuminsa,
kirfa kaɗan.
Garin ya nutse a cokali ɗaya, ba a kofi ba,
kada rabin magani ya kwana a gindi.

Nayra ta haɗiye.
Ta yamutsa fuska, ta yi shawara da bakinta.
Ta sake buɗe shi.

Eulogia ta ja layi a littafi.
Saura kwana hamsin da bakwai.