Taku na Biyar

A shagon Bappah tela, can Jekadafari,
in keke ya huta bayan la'asar
sai mu shimfiɗa allon ces kan teburin yanka.
Doki ɗaya ya ɓata tun bara,
kwarkwaron zare ke tsalle a madadinsa.

Wata uku ina bitar wasannin gwanaye.
Sojan gaban sarki, gida biyu...
Na haddace buɗin nan kamar karatun sallah.

Ranar gasa a Pantami
aka zaunar da ni gaban Dudu,
'yar aji biyu, tana tsotsar magarya.
A taku na biyar ta saki hanyar littafi.

Na laluba kaina, babu shafin.
Agogo na cin rabona.
Ita ko ta tofa ƙwallon a tafinta,
tana jirana.