Tsaga Uku

A Aboabo, bayan masu tsire,
Baba Issifu ya warware tsumma.
Wuƙaƙe bakwai, kowacce da tsatsarta.

Na ɗauki mai mariƙin ƙaho.
Kubenta ya sha gumin wani mafarauci
har fatar ta yi baƙi ƙirin.
Na taya sidi ɗari biyu.
Ya ce albarka, ya ci gaba da taunar goro.

Sai yatsana ya ci karo
da tsaga uku a gindin kaifi.
Haka Ɗanjimma maƙeri ke sa hannu,
shi da bai san baƙi ba.
Kakana ne. Na yi gum,
kada kuɗi ya tashi.

Na ba da nawa biyu, ƙirar Suame,
da cikon hamsin.
A motar Tafo
ban daina shafa wurin ba.