Mai Jiran Kwalba

Aikina tsayuwa a ƙofar bayan gida,
takarda a hannu, kwalabe biyu masu hatimi.
Shekara goma sha ɗaya a Montevideo
ina kallon gwanaye suna kwance zariya.

Ran Lahadi Nahuel ya zo na ɗaya
a tseren mita dubu biyar.
Bai gama haki ba na dafa kafaɗarsa.
Ya biyo ni yana dariya,
gishirin gumi ya bushe masa a gira.

Fitsari ya ƙi zuwa, muka zauna.
Ya shanye gora uku, ina zuƙar shayin mate a ƙoƙona.
Ya ba ni labarin gidan burodin da yake kwana aiki,
da gwiwar hagu mai kuka kamar tsohon ƙyaure,
da barci, wanda shi kaɗai ya gagare shi kamu.
Na ji warin abin a rigar sanyinsa.
Ba a ɗauke ni aikin shinshina ba, na yi gum.
Sai da aka kashe fitilun fili kwalba ta cika.
Ya sa hannu. Har godiya ya yi mini.

A layinmu kantin magani ke sayar da ganyen,
ka dangwala yatsa a na'ura, a miƙo maka ƙunshi.
Ɗan sanda ya wuce ko waiwaye babu.
Gari ɗaya, alƙali biyu.

Takarda ta iso bayan mako uku:
wata uku ba tsere, lambar yabo kuma a maido.
Wiwi, in ji su. Wiwi fa!
Wadda ke dasa yayana a kujera tun la'asar
yana neman takalmin da ke ƙafarsa,
ita ce yau ta yi wa mutum fiffike?
Oho. Likitoci sun fi ni karatu.
Sun ce doka ce, kuma ya san da ita.
Shi ma bai musa ba.

Jiya da sassafe na hange shi a bakin ruwa,
yana gudu shi kaɗai, ƙirji ba lamba,
garin fulawa a sumarsa.
Ya ɗaga mini hannu.
Na ɗaga masa na hagu,
don na dama yana riƙe da jaka,
a ciki akwai kwalabe biyu da ba a buɗe ba
da sunan wata yarinya mai ninƙaya a Paysandú.