Abin da Allon Shago Bai Faɗa Ba

Yau an kafa allo a Tudun Wada,
sunan Inna da jan fenti:
Man Gyaɗar Tasalla.
Masu wucewa suka ce, "Kai, sa'a!"
Wani ya ce asiri ne,
wani ya ce ɗanta ne ya samo jari daga Kaduna.

Ni ne ɗan nata. Ban samo komai ba.
Ni dai na san faifai.

Na san daren Ƙofar Kuyambana
in an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit,
sai sautin gyaɗa tana gangara,
Inna na tsince ruɓaɓɓu a hasken aci-bal-bal,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi.
Na ce, "Inna, wa zai gani? Ai inji zai niƙe duka."
Ko ɗagowa ba ta yi ba.
Ta ce, "Harshe zai gani."

Na san kwalabe.
Wanki uku, a kife a rana,
sai ta shinshina kowacce kafin ta ɗura.
Wadda ta taɓa shan kananzir, ko da bara ne,
bola ce makomarta.

Bayan ƙyaurenmu shi ne littafinta.
Zanen gawayi: dogo na Lantana mai ƙosai a Kwangila,
gajere na Malam Nomau mai tsire.
Ba ta taɓa aika ni karɓar bashi ranar kasuwa ba,
ta ce ba a kunyata mutum a gaban cinikinsa.

Shekarar da buhu ya yi tashin gwauron zabo,
maƙwabta suka surka nasu suka ci riba.
Ita ta kife tukunya wata biyu.
Muka sha koko ba sukari,
na yi fushi, na daina gaishe ta da fara'a.
Da sabuwar gyaɗa ta shigo,
Lantana ta dawo da mata huɗu a bayanta,
kowacce da galan.

Wannan duk babu a allon.
Mai fenti kuɗin harafi yake karɓa.

Ɗazu aka nemi Inna a ɗauki hoto,
aka duba kujerar gaba, wayam.
Na same ta a bayan shago,
ta kwance bakin sabon buhu,
tabarau a karan hanci, faifai a cinya.
Na ce, "Jama'a na jiranki."
Ta ce, "Matsa, Barau,
kana tare mini haske."